Ofishin Babban Odita na Tarayya da Kuɗin Aikinsa

Wannan ɗan littafi an shirya shi ne domin Hakimai da Malamansu, da sauran masu riƙe da littattafan kuɗin jama'a a ƙasashen Sarakuna. Nufinsa shi ne ya bayyana halin da ofishin Babban Odita na Tarayyar Nijeriya ya daɗe a ciki game da kuɗin da ya ke gudanar da aikinsa, da kuma dalilin da ya sa maganar ta kan taso in an zo shirya kasafin kuɗi a Abuja. Mai karatu zai ga an ambaci wasu ƙasashe na nesa. An yi haka ne don kwatanci kawai, gama abin da ya sami ofishin nan ya taɓa samun irinsa a wurare da dama, kowace ƙasa kuwa da dabarar da ta gwada.

Odita da Baitulmali

Dattawan da suka yi aiki zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ba sai an gaya musu ko wane ne odita ba. Sa'ad da aka kafa Baitulmali, wanda aka fara gwadawa a Katsina sa'an nan ya bazu zuwa sauran masarautu wajen 1911, sai aka raba aljihun Sarki da asusun jama'a, aka yanka wa Sarki da Hakimai da Alkalai albashi, aka ɗora wa Ma'aji riƙon littafi. Littafin kuɗi kuwa ba ya tsare kome in ba mai duba shi. Saboda haka a kan turo odita. In ya sauka, sai ya sa a buɗe akwatin ƙarfe a gabansa, ya ƙidaya abin da ke ciki har anini, ya gwada da abin da littafi ya ce. Ya karɓi littattafan rasit na haraji da jangali ya bi gindinsu ɗaya ɗaya. Ya jawo baucoci ya duba wanda ya sa hannu da wanda ya dangwala. Daga nan ya nufi sito ya ƙirga buhunan siminti da diga da shebur. In bauca ta ce an gina rijiya a ƙauye kaza, ya kan hau doki ko mota ya tafi ya leƙa ya ga ko akwai ruwa.

Abu biyu ne suka sa a ke shakkar mutumin nan. Na farko, da ƙafarsa ya ke zuwa. Na biyu, albashinsa da guzurinsa ba daga hannun Ma'aji su ke fitowa ba, don haka ba ya jin nauyin kowa in ya ga giɓi. Duk maganar da za a yi nan gaba a kan waɗannan abu biyu ta ke tsaye.

Tsarin ya samo asali daga Ingila. A 1861 Majalisar Wakilansu ta kafa kwamiti na musamman mai bin diddigin kuɗin da Gwamnati ta kashe, a 1866 kuma aka yi dokar da ta kafa muƙamin babban odita mai kai wa kwamitin nan rahoto. A 1910 aka buɗe wani sashi dabam a London mai duba lissafin ƙasashen da Ingila ke mulki, har da Nijeriya. A 1956 aka yi wa Tarayyar Nijeriya dokar odita tata, kuma da aka sami mulkin kai a 1960 akwai Darektan Odita na Tarayya a Ikko, kowace Jiha kuma da nata, na Jihar Arewa yana Kaduna. Daga baya ne aka koma kiran mai muƙamin Odita Janar, watau Babban Odita.

Abin da Tsarin Mulki ya tanada

Tsarin Mulkin 1999 ya yi maganar Babban Odita na Tarayya a sashi na 85 da na 86 da na 87. Shi ne zai duba lissafin Tarayya da na dukan ofisoshinta da kotunanta, kuma an ba shi ikon ganin kowane littafi da kowace takarda da ta shafi lissafin. In Babban Akanta na Tarayya ya miƙa masa lissafin shekara, yana da kwana 90 ya kai rahotonsa gaban Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai, kowace ta ba kwamitinta mai duba kuɗin jama'a. Bisa al'ada ɗan jam'iyyar hamayya a kan ba shugabancin wannan kwamiti.

An kuma kewaye mutumin da shinge mai kyau. Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shi, amma sai Hukumar Ma'aikatan Tarayya ta kawo sunansa, Majalisar Dattawa kuma ta yarda. Ba a tuɓe shi sai kashi biyu cikin uku na Dattawa sun goyi bayan haka. An rubuta a fili cewa a cikin aikinsa ba wanda zai ba shi umurni. Albashinsa ma, bisa ga sashi na 84, daga babban asusun Gwamnati ya ke fita kai tsaye, ba kuma a rage masa shi bayan an naɗa shi.

Shingen yana da ƙofa guda wadda aka taɓa bi. Wanda ke riƙon ƙwarya ba ya wuce wata shida sai da yardar Dattawa, kariyar nan kuwa ba ta rufe shi sosai ba. A watan Janairu na 2003 Vincent Azie, wanda ke riƙon ofishin a lokacin, ya miƙa rahoton lissafin 2001, inda ya taɓo ma'aikatu masu yawa har da fadar Shugaban Ƙasa da ita kanta Majalisa. Ba a tabbatar da shi a muƙamin ba, ba da daɗewa ba kuma aka sa wani a wurinsa.

Amma babban giɓin yana wani wuri. Duk kariyar da aka lissafa a sama ta mutum ɗaya ce. Babban Odita kuwa ba shi kaɗai ya ke aiki ba. Yana da ɗaruruwan ma'aikata, a Abuja da jihohi, waɗanda ke bukatar mota da mai da masauki da kwamfuta da horo. Tsarin Mulki bai ce kome ba game da kuɗin waɗannan. Ma'aikatan ma'aikatan Gwamnati ne kamar na kowace ma'aikata, wata hukuma dabam ce ke ɗaukarsu da yi musu ƙarin girma, kuɗin aikinsu kuma yana bin layin da kowa ke bi. Misalinsa kamar a naɗa Hakimi ne a ce ba mai tuɓe shi, sa'an nan a miƙa dawakinsa da 'yan rakiyarsa da hatsin rangadinsa a hannun dagatan da zai je duba.

Hanyar da kuɗin ke bi

Kuɗin kowane ofishin Gwamnati ƙofa uku ya ke ratsawa, Malaman da suka taɓa shirya ƙiyasin shekara sun san su. Akwai abin da ofishi ya nema. Akwai abin da aka rubuta masa a kasafi. Akwai abin da aka sakar masa a hannu kafin shekara ta ƙare. Lambobin nan uku ba safai su kan zo ɗaya ba.

A ƙofar farko, Ofishin Kasafi na Tarayya ya kan aika wa kowace ma'aikata iyakar abin da za ta iya nema, abin da ma'aikata ke kira ambulan. Ko mene ne bukatarka, sai ka matse ta ta shiga cikin ambulan ɗin. Ofishin Kasafi kuwa ɓangaren Gwamnati ne mai zartarwa, watau yana cikin waɗanda odita ke dubawa. A ƙofa ta uku, Ma'aikatar Kuɗi da ofishin Babban Akanta ne ke sakin kuɗin, Babban Akanta kuwa shi ne ainihin mutumin da lissafinsa ke zuwa gaban odita kowace shekara. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba kafin a ga cewa tsarin bai zauna daidai ba. Ko da mai riƙe da makullin waliyyi ne, ba ya daga cikin hikima a sa abincin mai bincike a ɗakinsa.

Ga abin da ya faru a kasafin 2023. A ƙarshen 2022 ofishin Babban Odita ya bayyana wa kwamitin Majalisar Wakilai cewa ya nemi naira biliyan 11 da 'yan kai, amma aka rubuta masa biliyan 5.1, watau ko rabi bai kai ba. Inda abin ya fi tsanani shi ne kuɗin manyan kayan aiki, irin su motoci da kwamfutoci da gyaran ofisoshi: ya nemi kamar biliyan biyu da rabi, aka rubuta masa miliyan 62.7. Kwamitin, wanda Oluwole Oke ke shugabanta a lokacin, ya ƙi karɓar ƙiyasin. Kasafin da Shugaba Muhammadu Buhari ya kai wa Majalisa a shekarar nan kuwa naira tiriliyan 20.5 ne. In aka yi lissafi, cikin kowace naira 10,000 da Gwamnati ta yi niyyar kashewa, abin da aka ware don a duba yadda aka kashe ta naira biyu da kwabo hamsin ne. Malamin da ya taɓa biyan mai gadin sito ya san ba a samun gadi a kan wannan farashi.

Akwai hukumomin da aka raba su da wannan layi. Sashi na 81 na Tsarin Mulki, bayan gyaran da aka yi masa a 2010, ya ce kuɗin ɓangaren shari'a da na Majalisar Tarayya da na Hukumar Zaɓe a biya su kai tsaye daga babban asusu. Dalili shi ne kada alƙali ko mai ƙidayar ƙuri'a ya zama yana roƙon wanda zai yi wa hukunci. Dalilin nan ya hau kan odita daidai wa daida, amma a gyaran 2010 ba a sa ofishinsa a ciki ba.

Sai kuma tsadar kaya ta zo ta ƙara nata. Kafin a janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu na 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin Gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a garuruwa da yawa. Dalar Amurka, wadda Gwamnati ke sayarwa kamar naira 460 a farkon 2023, ta wuce naira 1,500 a 2024. Aikin odita kuwa rabinsa tafiya ne, har da ƙasashen waje, gama ofisoshin jakadancin Nijeriya, waɗanda sun haura ɗari, suna cikin abin da zai duba. Saboda haka in aka ji an ƙara wa ofishin kuɗi a wata shekara, kada a yi saurin murna sai an tambayi ko lita nawa ƙarin zai saya.

Abin da ƙarancin kuɗi ke haifarwa

Albashi ba ya raguwa, domin dole a biya shi. In kuɗi ya gaza, tafiya ce ke fara mutuwa. Odita ya zauna a ofis a kawo masa fayil, ya duba bauca ya ga ta cika, sa hannu yana nan, hatimi yana nan, takardar shaidar gama aiki tana nan. To, takarda ba ta ƙin tawada. Wanda ya ƙware da cin kuɗin kwangila ya fi kowa iya cika bauca, kuma makarantar da ba a gina ba fayil ɗinta ya kan fi na wadda aka gina tsabta. Ba a gane rijiyar da ba ta da ruwa sai an tsaya a bakinta. Odita ba ya duba kome da kome ko a ƙasashe masu arziki, ɗiba ya ke yi, kamar mai sayen gyaɗa da ke soka buhu nan da can. Amma in buhunan da za a soka sun yi kaɗan ƙwarai, kuma kowa ya san na bakin ƙofa ne kullum a ke sokawa, sai tsakuwa ta koma buhunan ciki.

Haɗari na biyu ya fi wannan muni, ko da shi ke ba a cika faɗinsa da ƙarfi ba. Ma'aikacin da aka tura wata jiha ba guzuri, wa zai ba shi mota? Wa zai biya masa masauki? Hukumar da ya je dubawa ce ta fi kusa, kuma ta kan yi da fara'a. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Ba lalle ne a ba shi toshiya ba. Kwana biyar na shimfiɗa da abinci sun isa su sa alƙalami ya yi laushi. Ma'aikaci mai gaskiya ma tsarin ya cuce shi, domin an sa shi zaɓi tsakanin ya kwana a tasha ko ya karɓi alherin da zai ɗaure masa hannu.

Na uku, aikin kansa ya sake kama. Kuɗin Gwamnatin Tarayya yanzu cikin kwamfuta ya ke tafiya. An fara biyan albashi ta tsarin da a ke kira IPPIS tun 2007, kuma tun 2015 aka tilasta wa ma'aikatu su tattara kuɗinsu a asusu guda a Babban Bankin Nijeriya. Mai bin sawun ma'aikatan bogi a cikin irin wannan tsari yana bukatar na'ura da ilmin sarrafa ta. Haka nan mai duba lissafin man fetur, ko na bashin ƙasashen waje, ko ingancin hanyar mota, sai ya zama gwani a fannin. Gwanaye kuwa bankuna da kamfanonin akantoci suna jiransu da albashin da ya ninka na Gwamnati. Ofishin ya horar da yaro, ya ƙware, ya tafi.

Na huɗu shi ne jinkiri, shi ne kuma wanda kowa ke gani. Wata doka ta 2007 mai tsara yadda Gwamnati za ta riƙa kashe kuɗi ta ce a buga lissafin shekara, bayan odita ya duba, cikin wata shida da ƙarewar shekarar. Amma rahoton 2019 sai a 2021 ya isa Majalisa, na 2021 kuwa sai ƙarshen 2024 ya fito. A nan ya kamata a yi adalci, ba duk laifin rashin kuɗi ba ne. Kwana 90 ɗin odita ba sa fara ƙirguwa sai Babban Akanta ya kawo lissafi, Tsarin Mulki kuwa bai yanka wa Babban Akanta rana ba, shi ma ma'aikatu ya ke jira. Kwamitocin Majalisa su ma su kan ajiye rahoto ya daɗe. Duk da haka ofishin da ba shi da isassun hannuwa ba ya iya rage tarin aikin da ya taru, ko da an kawo masa lissafi a kan kari. Rahoton da ya zo bayan shekara uku kuwa ihu ne bayan hari: Babban Sakataren da za a tambaya ya yi ritaya, ɗan kwangila ya sauya sunan kamfani, fayil ya ɓace a wajen ƙaura.

Kada a ɗauka ofishin ya zauna hannu rabbana. Da ɗan abin da ya ke samu ya sha tono manyan abubuwa. A 2016, zamanin Samuel Ukura, rahoton lissafin 2014 ya ce kamfanin mai na ƙasa, NNPC, bai zuba naira tiriliyan 3.2 a asusun Tarayya ba; kamfanin ya musa lissafin, amma maganar ta fito fili aka yi ta muhawara a kanta. Rahoton 2019 kuma ya ce littattafan 'yan sanda sun nuna makamai 178,459 da ba a san inda su ke ba, a ciki har da bindigogi ƙirar AK-47 guda 88,078. Hakimin da 'yan fashin daji suka addabi ƙauyukansa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da wannan lissafi ke nufi. A nan ne aikin odita ya ke tashi daga maganar akantoci ya zama maganar rai.

Hujjar masu riƙe da asusu

Su ma masu tsara kasafi suna da abin faɗa, kuma ba wofi ba ne. Gwamnati ba ta da kuɗi isassu. A 2022 biyan bashi ya cinye mafi yawan abin da Gwamnatin Tarayya ta tara. Asibiti na kuka, makaranta na kuka, soja na kuka, kowace hukuma kuma tana ganin ita ce ta fi cancanta a raba ta da ambulan. In aka biye wa kowa, ba abin da zai rage a kasafta. Suna kuma tambaya: in aka sakar wa odita kuɗi yadda ya so, shi wa zai duba shi?

Tambaya ta biyu tana da amsa mai sauƙi, za a gan ta a misalin Ingila. Ta farko kuwa ta manta da abu guda, watau odita ba kamar sauran masu cin kasafi ba ne, domin shi aikinsa maido da kuɗi ya ke yi. Ofishin odita na Ingila ya ɗora wa kansa ma'auni cewa kowace fam ɗaya da aka kashe a kansa ta jawo wa Gwamnati tanadin fam goma. Ko da a Nijeriya abin bai kai haka ba, rage biliyan shida daga wurin mai gadin tiriliyan ashirin ba tattali ba ne. Lokacin da hatsi ya yi ƙaranci ne ya kamata a fi kula da ƙofar rumbu.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ofisoshin odita na duniya suna da ƙungiya mai suna INTOSAI, wadda aka kafa a 1953, Nijeriya kuma tana cikinta. A taronta na birnin Lima a 1977, da kuma na Meziko a 2007, ta shimfiɗa sharuɗɗan 'yancin odita. Cikinsu akwai cewa a ba ofishin kuɗin da zai ishe shi, kada ɓangaren zartarwa ya riƙe masa makulli, kuma in abin da aka ba shi ya gaza ya sami damar kai kuka gaban Majalisa kai tsaye. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya goyi bayan waɗannan sharuɗɗa a 2011.

Ita kanta Ingila ba ta kai ga wannan da wuri ba. Daga 1866 har zuwa 1983, shekara 117 ke nan, Baitulmalinsu na da hannu a kan yawan ma'aikatan odita da albashinsu. Dokar 1983 ce ta raba su. Tun daga nan Babban Odita ke shirya ƙiyasinsa, ya kai wa wani kwamiti na 'yan Majalisa, su tace shi, su gabatar da shi gaban Majalisa. Kwamitin nan kuma shi ke naɗa akantoci na waje su duba lissafin ofishin odita. Ga amsar tambayar wa zai duba mai duba.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanya: ofishin odita yana cajin kowace hukuma ladan aikin da ya yi mata, da haka ya ke riƙe kansa. Dabarar ta raba shi da layin kasafi, amma ta haifar da nata ciwon, domin ƙananan hukumomin da suka fi lalacewa, waɗanda su ne suka fi bukatar bincike, su ne kuma ke kasa biya, bashi ya yi ta taruwa. Ghana kuwa ta rubuta a Tsarin Mulkinta na 1992 cewa kuɗin gudanar da ofishin odita daga babban asusu za su fito, ta kuma ba shi ikon ɗora wa ma'aikaci biyan abin da ya salwantar. Duk da haka a 2020 aka tilasta wa Babban Odita Daniel Domelevo tafiya hutu, a 2021 aka sallame shi, sai a 2023 Kotun Ƙoli ta ce umurnin hutun ya saɓa wa Tsarin Mulki, bayan mutumin ya riga ya bar kujera. Rubutu a doka yana taimako ƙwarai, amma sai da Majalisa mai tsayawa a bayansa.

Doka, da jihohi, da ƙananan hukumomi

An daɗe ana neman sabuwar dokar odita ta Tarayya wadda za ta maye gurbin ta 1956, ta ba ofishin hukumarsa mai ɗaukar ma'aikata da yanka musu albashi, ta kuma gyara hanyar kuɗinsa. Majalisa ta takwas, wadda ta zauna daga 2015 zuwa 2019, ta zartar da irin wannan doka ta aika fadar Shugaban Ƙasa, amma wa'adinta ya ƙare ba a sa hannu ba. Majalisun da suka biyo baya sun sake ɗauko ta, har aka shiga shekarar 2025 ba ta zama doka ba.

Abin mamaki, jihohi sun riga Tarayya. A 2018 aka fara wani shiri mai suna SFTAS da kuɗin Bankin Duniya, dala miliyan 750 da farko, aka ƙara wasu 750 a 2020, inda a ke ba jiha kyautar kuɗi in ta cika wasu sharuɗɗa na tsabtace lissafinta. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne jiha ta yi dokar da za ta ba Babban Oditanta, da na ƙananan hukumominta, 'yancin aiki da na kuɗi. Jihohi da yawa suka yi dokar a 2021. Wanda aka ɗora wa tantance ko jihohin sun cika sharuɗɗa kuwa shi ne ofishin Babban Odita na Tarayya, watau an sa shi ya auna wa wasu rigar da shi bai samu ba.

Wannan ɓangare shi ya fi kusa da Hakimai. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun Tarayya kai tsaye. Duk inda kuɗi ya ƙaru a hannun ƙaramar hukuma, aikin Babban Oditan Ƙananan Hukumomi na jihar ya ƙaru, shi ma kuwa ƙofofi ukun nan ya ke ratsawa. Jihohi suna buga kasafinsu, yawancinsu kuma suna buga rahoton abin da aka kashe bayan kowane wata uku, ana samunsu a shafin intanet na Gwamnatin jiha. Malamin Hakimi zai iya neman layin ofishin odita a ciki, ya rubuta abin da aka ware masa da abin da aka sakar masa, ya kuma bincika shekarar rahoton ƙarshe da ya kai wa Majalisar Jiha. Haka nan yana da kyau ya ajiye littafi na ayyukan da aka ce an yi a gundumar, rijiya ko ɗakin shan magani ko ajin makaranta, da ranar da aka fara da halin da aikin ya ke ciki, domin in ma'aikatan odita sun iso da kwana biyu kacal a hannunsu, su san ƙauyen da za su fara nufa.